Kunun da Aka Gani a Argungu

Cokalin ma ba nawa ba ne. Masu majigi ne suka zo da shi, tare da wata farar tasa mai shuɗin baki, suka ce ludayina na duma ba zai fito da kyau a hoto ba. Na karɓa na wanke, na zuba kunun gyaɗa, na zaunar da yaron a cinyata na ba shi. Iyakar abin da na yi ke nan. Amma tun daga lokacin ban sake zama wuri ɗaya na daɗe ba. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa abin da ya tashe ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko hannuna ya samu abin riƙewa.

A Birnin Kebbi aka haife ni, Gwaggona ce ta riƙe ni tun ina ƙarama, kuma ita ta bari na yi karatu har sakandare, lokacin da ake yi mata surutu a kan haka. Mijina malamin gona ne, ɗan masunta daga Argungu. Zazzaɓi ya ɗauke shi cikin damina, ina da ciki. Na yi takaba a gidansu, na haihu a can, na yi wankan jego a hannun mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Bayan arba'in Gwaggo ta zo ta taho da ni. Inna ta raka mu har tasha, ta ɗaga mayafina ta leƙa goyon, ta ce, "Ku tahi da shi, yanzu nono adda iko. Ranar da anka yaye shi, a maido min mijina."

Mijina take ce masa, irin wasan kaka da jika. Kowa a tashar ya yi dariya, har ni.

Sai da muka hau hanya na fahimci abin da na yi wa dariya. A wurinmu uwa ba ta yaye ɗanta da kanta. Gidan kaka ake kai shi, ya yi kukansa a can har ya manta da nono. Yaron da ubansa ke raye akan dawo da shi. Wanda ubansa ya rasu kuwa, in ya shiga gidan dangin uba don yaye, ya shiga ke nan, domin ɗa nasu ne, uwa kuma gobe tana iya yin wani aure. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini wannan. Na dai gani a gidaje da yawa.

Na samu aikin koyarwa a firamaren 'yan mata. Nakan tashi kafin assalatu in ɗebo ruwa a rijiyar bayan gida, domin gwiwoyin Gwaggo sun daina ɗaukar tulu. In wanke tsummokaransa, in dama koko, in ba shi nono, in ajiye shi kusa da Gwaggo inda take murza ƙuli-ƙuli, in fita da sauri kafin ya waiwayo. Da an buga ƙararrawar tara in rugo gida in sake ba shi, in koma aji da jiƙaƙƙiyar riga, ina rufe ƙirjina da littafi kada 'yan mata su gani. Ranar da jikinsa ya yi zafi, ni ce mai goya shi zuwa asibiti, ni ce mai tsayawa layi, ni ce kuma mai ba shugabar makaranta haƙuri. A hanya mata na cewa, "Ga zawarar boko nan," ba su ma rage murya.

Duk wannan ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninmu. Ba na kiran sunansa, ba na ce masa nawa, in baƙi suka yaba shi sai in kau da kai kamar ba da ni ake ba. Yaron nake cewa, ko wancan. Sai mun shiga ɗaki na saki labule nake sa hancina a wuyansa.

Duk ranar kasuwa akwai matan Argungu masu kawo bandar kifi, kuma ba sa komawa sai sun biyo ta gidanmu da saƙo.

"Inna na gaishe ki. Ta ce a tambaya, mijinta ya isa yaye?"

"Tukuna," nake cewa. "Ba shi cin komi, nono ɗai."

Da farko gaskiya ne. Daga baya ya yi haƙora, ya tashi da ƙafarsa, ya fara bin kaji. Tuwo yake ci har da suɗe yatsa, amma a cikin ɗaki nake ba shi, kuma ranar kasuwa nakan goya shi tun safe in rufe ƙafafunsa da zani don kada a ga tsawonsu. Nonon kuwa ban daina ba shi ba, ko da yana cizona, saboda muddin yana sha maganata ba ƙarya ba ce.

Gwaggo takan harare ni. "Wanga ƙato, da haƙora awa na kura, shi kika ba nono? Ranar da yac cire miki shi sai ki huta."

"Gwaggo, bai kai ba."

"Bai kai ba. Sai ya yi gemu shi kai."

Amma in matan kifi suka zo, ita ce ke fara cewa tukuna.

A shekarar da aka samu mulkin kai, motar majigi ta yawaita zuwa garinmu. Su kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, su tayar da inji, su nuna yadda ake haƙa masai, da yadda ake zuba taki, da manyan mutane suna sauka daga jirgin sama. Hotunan ba sa magana, wani malami ne ke tsayawa gefe da lasifika yana bayani. Wata rana shugabar makaranta ta kira ni ofis, na tarar da wannan malamin a zaune, ya karkata hula, tare da wani Bature mai jan wuya. Suka ce suna son ɗaukar ɗan gajeren majigi a kan macen da ke rainon ɗanta ita kaɗai, yadda take fama, da yadda take tsabtace shi duk da haka.

Na ce me ya sa ni.

Malamin ya ce, "Malama, mun zaga gari. Matan aure mazansu sun hana. Ke kuwa ba ki da mai hanawa."

Bai faɗa da mugunta ba, shi a ganinsa sa'a ce muka yi gaba ɗaya. Shugabar ta ce abin alfahari ne ga makaranta. Ni kuma na tambayi abu guda, ina za a nuna shi. Ya ce sai an kai Kaduna an wanke tukuna, daga nan ƙila can wajajen Kano da Zariya. Na ji sunayen da nisa, na yarda.

Suka zo gidanmu da akwatin hoto mai ƙafa uku. Na ɗauki tulu na shigo, aka ce in koma in sake shigowa, rana ba ta faɗi daidai a fuskata ba. Na yi ta shigowa da tulun nan har wuyana ya ƙage. Aka ce in ajiye yaron a tabarma in ɗauki littattafai in nufi ƙofa, don a ga irin wahalar. Ya fashe da kuka yana miƙo hannu, na juyo, malamin ya ce, "A'a, ci gaba da tafiya, kukan nan shi ake so." Na ci gaba, bayana yana zafi kamar an ɗora mini garwashi.

Sai aka zo wurin wanka. Malamin ya ce, "Malama, yi masa dariya mana. Kin haɗe rai kamar ɗan kishiya kike wankewa."

Na dubi Gwaggo. Ta tattara ƙuli-ƙulinta ta shige ɗaki tana cewa ita ba ta ga wannan zamani ba. Da ta tafi na yi dariyar, kuma ba ta ƙarya ba ce, domin yaron ya watsa mini ruwa a ido.

Daga ƙarshe suka fito da tasar da cokalin. Na ce ai nono yake sha. Malamin ya ce nono ba zai shiga majigin gwamnati ba, kuma kunun shi ne darasin. Na yi fatan yaron ya ƙi, ya kau da kai yadda yake yi wa magani. Ina. Ya buɗe baki tun cokalin bai iso ba, ya shanye, ya kama hannuna ya jawo, daga baya ma ya ƙwace cokalin yana bugun tasa. Baturen ya yi ta gyaɗa kai. Da za su tafi suka bar mana tasar da cokalin, wai tukuici.

Watanni suka wuce har na fara mantawa. Sai ga sanarwa cewa za a yi majigi a filin gari, kuma a kawo 'yan makaranta. Ni na jera 'yan ajina a gaba. Aka nuna na taki, aka nuna na tuta, sai kawai ga ƙofar gidanmu a jikin ƙyalle, ga ni da tulu, tsawona ya kai na bishiya. 'Yan mata suka hau ihu suna nuna ni. Ban ji kunyar da na zata ba, domin idona na kan yaron. Ban taɓa ganin girmansa ba sai ranar. Kullum a jikina yake, ban san ya zama mutum haka ba.

Malamin ya gyara murya a lasifika. "Jama'a ku dubi wannan baiwar Allah. Mijinta ya riga mu gidan gaskiya, ita ce uwa, ita ce uba. Ga shi ta yaye ɗanta lafiya lau da kunun gyaɗa, ba da tuwon jiya ba. Ku dubi kumatu."

Mutane suka yi dariya. Ni kuwa na miƙe daga cikin 'yan ajina. Na tambayi wani ɗan doka da ke tsaye kusa ina motar za ta in ta bar nan. Ya ce Argungu, daga can Augie da Gulma.

Da gari ya waye ban je makaranta ba. Na sami motar a bayan ofishin hukumar En'e, suna naɗe ƙyalle. Na durƙusa na gai da malamin, ya washe baki ya ce ga tauraruwarmu.

"Malam, ka ce Kano da Zariya."

"An canza tsari, Malama. Aka ce mutanen gida su fara gani."

"To don Allah in kun je Argungu kada ka ce an yaye shi. Ba a yaye shi ba."

"To me zan ce? Ga yaro yana kwasar kunu kamar ɗan dako."

Na gaya masa komai a tsaye a wurin, abin da ban taɓa gaya wa namiji ba. Ya daina murmushi, ya gyara hularsa ta zauna daidai. Ya ce ba shi da ikon yanke hoton, a ƙirge aka ba shi, a ƙirge zai mayar. Ya ce zai yi ƙoƙari ya tuna, amma bakinsa ya saba da jawabin. "Kuma ko na rufe nawa bakin, Malama, na yaron fa?"

Motar ta tashi ina kallo.

Ban san yadda na yi kwanakin da suka biyo ba. A aji nakan rubuta abu a allo in goge in sake rubuta shi. Ko wace sallama aka yi a ƙofa sai in zabura in leƙa. Na yi tunanin in ɗauke shi mu gudu, amma ina? Dangina duka Gwaggo ce. Na yi tunanin in je wurin alƙali, domin a makaranta an karantar da mu cewa uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa muddin ba ta yi aure ba. Gwaggo ta ce, "Ki kai uwar mijinki ƙara? Sai ki fara gina min kabari." Na ɓoye tasar da cokalin a ƙarƙashin gado, kamar su ne za su ba da shaida. Na riƙa ba shi nono ko bai nema ba, har ya fara ture ni.

Ranar kasuwa matan kifi ba su zo ba. Inna ce ta zo da kanta.

Tun daga zaure na ji ƙamshin banda. Ta shigo da kwando a ka, ta rame fiye da yadda na san ta. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma, suka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina ruwa, ina masu shinkafa, yaya gwiwa. Ni ina durƙushe gefe da yaron a baya, na ɗaure shi tamau har yana mutsu-mutsu.

Inna ta ce, "Sauke min shi in gani. Na gane shi bisa ƙyalle, kai nai awa randa."

Na sauke shi. Ya tsaya da ƙafarsa yana kallonta.

"Yara sunka sheƙo gida, wai ga jikana cikin majigi. Na ce ƙarya kukai. Na ja sanda na tahi. Sai ga goshin ubanai, ga kunnuwan." Ta gyara zama. "Da anka ƙare na ce a sake, anka yi ta min dariya."

"Inna, ba a yaye shi ba."

"Lasihika ta hwaɗi gaban Argungu duka."

"Kuskure na. Shina sha har yanzu."

"To gwamnati ta yi ƙarya ke nan." Ta buɗe kwandon, ta ɓare tarwaɗa, ta zare ƙaya da farce, ta miƙa masa. "Zo nan, mijina, zo ka ga abin da matarka ta kawo ma." Ya taka ya je ya karɓa, ya cinye, ya miƙa hannu a ƙara.

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

Inna ta ce, "Na kuma ga an aje shi ƙasa shina kuka, ke kin kwashi takardu kin nuhi ƙohwa ba ki waiwaya ba."

"Su sunka ce in yi hakanan."

"In za ki makaranta da sahe, su ka cewa?"

Kullum haka nake fita. Ta ce ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce na yi ƙoƙari, kowa ya ga kumatun, Allah shi yi albarka. Amma lokaci ya yi, motar la'asar za su bi, a haɗa masa 'yan rigunansa.

Ban shirya abin da na faɗa ba. Na ji shi ne kawai ya fito, da ƙarfi, har maƙwabta na iya ji.

"Inna, ɗana na. Ni na haife shi. Ɗana na."

Gwaggo ta rufe baki da hannu. "Boko," ta ce a hankali. "Ga abin da boko ka yi."

Inna ta dube ni. Na zata za ta zage ni, na ma fi son ta zage ni. Sai ta ce, "Nawa ma ɗan hwari na. Ban taɓa kiran sunanai ba, ban taɓa cewa nawa na ba, har anka sa shi ƙasa." Ta goge hannunta a zani. "Ke kin hwaɗi, kin huta. Ɗauko rigunan."

Na ɗauko. Ni na goya mata shi da hannuna, na ɗaure majanyin, domin yatsunta ba sa iya ƙulli. Bai yi kuka ba, kifi ne a hannunsa. Gwaggo ta hana ni rakiya zuwa tasha, ta ce in ya ga na juya zai tayar da hankalin mota.

Daren nan ƙirjina ya kumbura ya yi tauri kamar dutse. Gwaggo ta dafa ganye ta gasa mini, ta ɗaure ni da tsohon zani, tana yi tana faɗa, tana share ido da gefen hannu. Ta ce uwa ba ta zuwa wurin yaye, in yaro ya gan ta aikin ya lalace. Na daure iyakar daurewata. Da nonon ya ƙafe na hau motar Argungu ban gaya wa kowa ba.

Na same su a tsakar gida, an baza tarun kamun kifi a kan zana yana shan iska, Inna na ba shi shinkafa da hannu. Ya yi baƙi, an yi masa aski, an ɗaura masa laya a wuya. Ya dube ni kamar yana lissafi. Sannan ya taso ya hau cinyata, ya zura hannu cikin rigata yadda ya saba, ya ɗan tsaya, ya zare hannun, ya koma wurin shinkafarsa.

Inna ta ce, "Kin gani, ya yayu."

Na ce to ko zan koma da shi.

"Nan shika zama. Amma ƙohwag ga ba ta da makulli, kuma ɗakin ubanai babu kowa ciki sai gora da komar kamun kihi."

Na dawo na nemi a mayar da ni makarantar 'yan mata ta Argungu. Shugabar ta ce sai sabon zango, in akwai gurbi, kuma ba ita ke yankewa ba. Gwaggo ta ce ita ba ta barin gidanta ta je ta mutu cikin ƙarnin kifi, amma na ga ta fara tambayar matan banda ko ana sayen ƙuli-ƙuli a can. Ban san wa zai ɗebo mata ruwa in na tafi ba. Ban san ko zan iya kwana a ɗakin da na yi takaba ba. Duk ranar da babu makaranta ina kan hanyar Argungu, in motar ta tsaya ɗaukar buhuna sai in ji kamar in sauka in ƙarasa da ƙafa.

Jiya wata mata daga Augie ta tsayar da ni a kasuwa, ta riƙe hannuna tana murna. Ta ce ai ta gane ni, ni ce ta cikin majigi, ta ce tun da ta gani take dama wa nata kunun gyaɗa. Ta leƙa bayana, ta ga ba goyo.

"Ina yaron?" ta ce.

Na ce yana wurin kakarsa, an kai shi yaye.